Dillali na cin 40 cikin 100 a kuɗin aikina, adalci ne?

Tambaya: Salam malam. Shekara shida ina aikin tsaron kwamfuta da intanet, bara na koma kwantiragi ta hannun wani kamfanin dillancin ma'aikata. Suna ba ni dala 60 a awa, kwatsam aka turo min wata takarda bisa kuskure sai na ga ashe kamfanin da nake wa aikin dala 100 yake biyansu. Cuta ce ko haka ake yi? Kuma ya zan san nawa ya kamata in nema?

Amsa: Wa'alaikumussalam ɗan uwa. Toh gaskiya 40 ta yi yawa a ganina, amma kafin ranka ya ɓaci fara duba me dillalin yake ɗauke maka, don la'ada ba laifi ba ce, ɓoye ta ne ba na so.

In a takarda kai ma'aikacinsu ne, ba duka 40 ɗin ke shiga aljihunsu ba. A Amurka misali wanda ya ɗauke ka aiki shi ke biyan kashi 7.65 na albashinka a matsayin harajin fansho da lafiyar tsofaffi, in kuwa kai ke cin gashin kanka duka kashi 15.3 ɗin a wuyanka yake, a Birtaniya ma akwai dokar IR35 da ke duba ko kai ɗan kwantiragi ne na gaske ko ma'aikaci ne aka sauya wa suna. Sannan sau da yawa su suke biyanka kan kari alhali mai aikin sai ya ja kwana 30 ko 60 bai biya su ba, ga inshora idan wani abu ya lalace a hannunka. Wannan duk aiki ne. In kuwa takardar neman aikinka kawai suka tura suka koma gefe, 40 duk awa har wata goma sha biyu ba ta da hujja ko kaɗan.

Ka kula da yadda suke faɗin lissafi kuma. 40 cikin 100 kashi 40 ne, amma in aka ɗora ta a kan 60 ɗinka ƙarin kusan kashi 67 ne, shi ya sa kullum ka tambaya kai tsaye: nawa mai aikin yake biya a awa?

Batun farashinka kuwa nan mutane suka fi cutar kansu, sai mutum ya ɗauki albashinsa na shekara ya raba da awa 2,080, wato awa 40 a mako har mako 52, ya ce ya samu, alhali ɗan kwantiragi ba ya cika awannin nan, ba a biyanka ranar hutu, ba a biyanka in ka kwanta ciwo, kuma tsakanin wannan aiki da wancan kana iya zaman wata guda ko biyu ba ko sisi. Raba da awannin da za a biya ka da gaske, sannan ka ɗora fansho da inshorar lafiya da kuɗin manhajojin aiki da na satifiket, kai da ke da shekara shida in kana riƙe da satifiket ɗin ƙwararrun tsaron kwamfuta na CISSP ka san duk shekara sai ka biya kuɗin sabuntawa, ga makin karatu 120 cikin shekara uku. Abin da ya fito shi ne ƙasan farashinka, kar ka sauka daga nan.

Kuma don Allah kar ka yarda a haɗa gwajin kutse da rana da kiran ƙarfe biyun dare an yi wa kamfani kutse a farashi ɗaya, na dare kuɗinsa daban, a rubuta shi.

Kar ka je kana kaɗa musu takardar nan. Jira lokacin sabunta kwantiragi, lokacin wahalar nemo ka ta riga ta wuce kuma mai aikin ya saba da hannunka, ka samo tayi daga wani dillalin ka riƙe, sai ka faɗi adadinka. Amma kafin ka yi tunanin tsallake su ka koma wa mai aikin kai tsaye, karanta yarjejeniyarka da kyau, galibi akwai sharaɗin da ya hana hakan na wasu watanni.