Tambaya da Amsa: Alamar kwado ta isa ta tsare bayanan ɗalibanmu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shugabantar wata makarantar kuɗi a Jos, kuma bara wani matashi ya gina mana manhajar intanet wadda iyaye ke duba sakamakon 'ya'yansu a cikinta. Ya tabbatar mini babu abin tsoro tunda adireshinmu na intanet yana da alamar kwado, irin na kulle ƙofa. Sai dai ranar da wata uwa ta manta kalmar sirrinta, a gabana ya buɗe kwamfutarsa ya karanto mata ita. Shi da abokinsa kuma da kalmar sirri guda suke shiga sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da manhajar da bayananmu. In kwantar da hankalina?
Wata shugabar makaranta, Jos

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Gaskiya da sauran gyara. Kwadon nan alama ce ta HTTPS, kuma iyakar aikinsa shi ne ɓoye bayanai a hanya, tsakanin wayar uwa da sabarku. Kyauta ma ake samun takardar shaidarsa daga wata ƙungiya mai suna Let's Encrypt, har 'yan damfara suna da ita, kuma a 2023 Chrome, manhajar buɗe shafukan intanet, ya cire alamar saboda mutane suna ɗaukarta shaidar amana.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne karanto kalmar sirrin nan, domin yana nuna cewa duk wanda ya kai ga rumbun bayananku zai iya karanta ta kowa da kowa. Ƙa'ida ita ce a niƙe kalmar kafin a ajiye ta, da dabara irin bcrypt ko Argon2, yadda ake kai dawa inji: gari ba ya komawa tsaba. Idan uwa ta zo shiga, sai a niƙe abin da ta rubuta a gwada shi da garin da ke ajiye, wadda ta manta kuwa sai a tura mata hanyar zaɓen sabuwa. Ki tuna, mai yiwuwa wasu iyayen da kalmar nan guda suke buɗe Facebook da imel ɗinsu.

Game da sabar, a daina shiga da kalmar sirri, a koma ga makullin SSH, wato makullin sirri da ake ajiyewa a kwamfutar mai shiga, kowa da nasa, ta yadda ranar da abokin ya kama gabansa za a soke nasa kaɗai. A rufe shiga kai tsaye da asusun root, wato babban asusun da ke da iko kan komai a sabar, a riƙa sabunta manhajoji, a kuma ajiye kwafin bayanai a wani wuri dabam. Ki tabbatar rajistar sabar da ta adireshin da sunan makaranta suke.

Ki zauna da yaron cikin lalama, domin gyaran ba mai tsada ba ne, amma kada a kai ƙarshen zango ba a yi shi ba. A ƙarƙashin dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023, alhakin bayanan nan yana wuyan makaranta, kuma idan aka yi kutsen da zai iya cutar da masu su, wajibi ne a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, da ke Abuja cikin sa'o'i 72 da gano shi.