Tsanin da na baro a Lekki

Jiya muna cikin danfo daga Obalende ka tambaye ni, wai ka tara 'yan kuɗi kana so ka sayi tsani mai zarewa naka na kanka, na alminiyum ne ya fi ko na fiba, wato na roba mai zaren gilashi, kuma mai tsawon ƙafa nawa. Ban tanka maka ba, ka ɗauka hayaniyar kwandasta ce ta hana ni ji. Na ji ka sarai. Tambayar ce ta fama mini wani tsohon miki. To ga amsa, ka kasa kunne, don ka san ba na maimaita magana.

Wata tara kacal kana bina aikin share kwatar rufi da goge tagogi har ka fara lissafin tsaninka. Ni shekara uku na yi ina danne wa maigidana gindin tsani a Idi-Araba kafin ya yarda na wuce mataki na biyar. Amma ku yaran yanzu, da kun kalli bidiyo biyu a waya shi ke nan kun zama gwanaye. Allah ya kyauta.

Na alminiyum ba shi da nauyi, kai kaɗai za ka saɓa shi, kuma ya fi araha. Aibinsa ɗaya ne, amma aibin na kisa ne: wuta tana binsa. Ɗaga kai ka dubi sama a Agege ko Mushin, ka ga yadda wayoyin lantarki suke goga kafaɗa da baranda. Manyan nan na can sama, masu ƙarfin bolt 11,000, ba sai tsani ya taɓa su ba, kusantar su ma ta isa wuta ta yi tsalle. Kuma kada wani ya ce maka ai an ɗauke wuta tun safe. NEPA ba ta sallama in za ta dawo, sannan janareton maƙwabci da aka yi wa haɗin banza yana iya tura wuta cikin wayar da kake ganin matacciya ce. Na fiba wuta ba ta binsa, muddin a bushe yake ba datti a jikinsa, sai dai nauyi da tsada, kuma in ka bar shi rana tana dukansa kullum zai fara tashin gashi yana sukar hannu. Ni na fiba na fi so. In kuɗinka bai kai ba ka sayi alminiyum, amma duk gidan da waya ta gifta kusa da bango ka bar wa wani aikin. Na katakon nan da ake haɗawa da ƙusa a wurin gini, kada ma in ji ka ambace shi.

Maganar tsawo kuwa, lambar da aka rubuta ba ita ce za ka samu ba. Tsani mai ƙafa 24 in ka zare shi duka ƙafa 21 ne, domin dole ɓangarorin biyu su hau kan juna da ƙafa 3. Jinginawa ta ci wani abu, matakai uku na can ƙarshe kuma ba a tsayawa a kansu. In rufin za ka hau, sai kan tsanin ya zarce bakin kwano da ƙafa 3 don ka sami abin dafawa. Shi ya sa in gida mai ƙasa da sama ne, tsani mai ƙafa 28 nake ɗauka. Ka duba takardar da ke manne a gefensa. Na Turai masu alamar EN 131 kilo 150 suke ɗauka. Na Amurka in an rubuta Type IA, fam 300 ne, wajen kilo 136. Wanda aka rubuta Type III na sauya ƙwan fitila ne a cikin gida, ba na neman abinci ba. Nauyin nan kuma da kai ne da bokitinka da lakar da ka kwaso, ba kai kaɗai ba.

Yadda ake jan igiya da yadda ake saɓa shi, wannan ko maigadi ya sani, ba zan ɓata yawuna ba.

Irin wancan mai ƙafa 28 na taɓa mallaka, na fiba, gwanjo, wata biyar ina zubin adashi kafin na same shi. Ranar Lahadi 10 ga Yulin 2011 aka yi ruwan nan da ya wuni yana zuba har Legas ta zama kogi. Kai lokacin kana gida kana wasan ƙasa. Bayan ruwan aiki ya yi mana yawa, duk wanda kwatar rufinsa ta toshe sai ya tuna da mu. Wani maigadi ɗan wajenmu ya kira ni wani gida a Lekki, ganye da yashi sun cika kwatar, ruwa yana bin bango har fenti ya kumbura. Muka yi ciniki da mai gidan, kwata da gilasan tagogi gaba ɗaya, naira dubu 25. Na ce ya ba ni rabi kafin in fara. Ya yi dariya ya nuna gidan, wai na ga alamar mai irin wannan gini zai gudu da kuɗina? Na ji kunya na yi shiru.

Ɓangare uku na gama lafiya. Da na zagayo gaba sai na tarar da jif ɗinsa a jikin bango, daidai inda gindin tsani zai zauna. Ƙa'idar ai ɗaya ce: duk ƙafa huɗu na tsawo, ka janye gindin ƙafa ɗaya daga bango. Kwatar tana wajen ƙafa 20, ke nan gindin ƙafa 5 zai tsaya. In ba ka da abin awo, sa yatsun ƙafarka a gindin tsanin ka miƙa hannuwa gaba, tafinka ya sauka kan matakin da ke daidai kafaɗarka. In sai ka sunkuya kafin ka taɓa, ya kwanta da yawa, gindin zai zame. In gwiwar hannunka ta lanƙwashe, ya miƙe da yawa, zai juya da kai baya. Duk na san wannan tun kafin a yaye ka.

Na ce a matsar da motar. Ya ce direba ya fita da makulli, sai magariba, shi kuma baƙi yake jira da yamma, a gama masa yanzu. Na ce to in dawo gobe. Sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Aboki, ai ku ba ku san tsoro ba, shi ya sa na fi son aikinku." Wallahi maganar nan ce ta kā da ni tun ban hau ba. Kaina ya kumbura. Na tsallake motar da tsanin, gindinsa ya koma wajen ƙafa 9 daga bango, a kan tayil ɗin da gansakukar damina ta mayar kamar sabulu. Samansa kuma na ɗora a kan kwatar roba, abin da kullum nake hana yara. Kwatar roba ko ta siririn alminiyum ba a yi ta don ɗaukar ƙato ba, ko ta lotse ko tsanin ya sulale a kanta. Akwai ƙarfe mai hannu biyu da ake ɗaura wa kan tsani ya tokare bango ya bar kwatar, nawa yana gida ranar, don na ga nauyin ɗauko shi.

Yaron da nake da shi a lokacin na ce ya danne gindin. Ina can sama, bokiti ya kusa cika da laka, ga wani tulin ganye can gefe, sai na miƙa jiki maimakon in sauko in matsar da tsanin. Cibiyarka kada ta taɓa fita daga tsakanin sandunan gefen tsani biyu, tawa ta fita. Daidai nan wayar yaron ta yi ƙara, ya saki ya sa hannu a aljihu. Ƙiiii kawai na ji. Na sauka a kan motar, gilashin gaba ya tarwatse, bonet ya lotse, wuyan hannuna na hagu ya karye.

Ina kwance a ƙasa ina salati, mutumin nan bai ko dube ni ba. Hannu ya sa a aljihun wandonsa ya zaro makullin motar, ya tashe ta ya matsar don ya ga iyakar ɓarnar. Makullin da ya ce yana wurin direba! Ƙyuya ce kawai ta hana shi tun farko. Ya sa aka kulle get, ya ce tsanina ba zai fita ba sai na biya gilashi, in na yi gardama ya kira 'yan sanda. Sai da dattawan unguwarmu suka yi sawu biyu suna ba shi haƙuri. Na ci bashi na biya gilashin, kuɗin aikina kuwa ya ce ya tafi a gyaran bonet. Da na koma karɓar tsanin sai aka ce Oga ya yi tafiya. Na koma, Oga yana barci. Wata uku ina zaune a Agege hannu a ɗaure wurin mai ɗori, 'yan'uwa ke ciyar da iyalina. Daga baya maigadin ya faɗa mini masu fenti sun zo gidan, da tsanina suka yi aiki. Har yau in hadari ya haɗo hannun nan sai ya gaya mini kafin sama ta gaya mini, kuma ban yafe ba.

Shi ya sa kake gani ina faɗa da masu gida a kan abin da kai kake ɗauka ƙarami ne, har kana sunkuyar da kai wai ina kunyata ka. Mota a matsar, ko in naɗe igiyata. Tayil mai santsi, a ɗaure gindin da ƙarfen taga ko a kafa masa katako. Rabin kuɗi a hannu kafin tsani ya sauka daga kafaɗa. Kai kuma in kana danne mini gindi, wayarka tana cikin jaka, ko uwarka ce ke kira ta jira.

Ranar Asabar ka zo da kuɗin mu je tare, don in ka je kai kaɗai fentin da ya fi ƙyalli za ka saya. Zan kwantar da shi a ƙasa in hango ko sandunan sun karkace, in murɗa kowane mataki in ji ko yana motsi, in duba ƙugiyoyin da ke riƙe ɓangaren sama ko suna kamawa duka biyun, da takalman roba na gindi ko sun cinye. In tsanin ya daɗe a wajen Lekki ko Ajah, ka duba kusoshinsa da kyau, iskar gishirin teku tana cinye su. Ka iso kafin ƙarfe bakwai, kuma ka bar abin kunnen nan naka a gida.