Faso, man kaɗe, da hunturun da aka canza kuɗi

Kishiyata, saƙonki ya iso. Wai kina tambaya ko da gaske ne mu a zamaninmu ba ma wanka sai hunturu ya wuce, kuma me muke shafawa tun ba a san man kanti ba, don fuskarki ta yi furu-furu, leɓɓanki sun tsattsage, wata ƙawarki a makaranta kuma ta ce ki riƙa goga lemun tsami da sukari. Na yi dariya har sai da na ƙware. Ashe kallon ƙazamai kuke mana? Da ba ma wanka ai da kakanki bai biya sadakina ba, balle ki taso kina neman ƙwace min shi. Zancen lemun tsamin ne bai ba ni dariya ba. Fatar da iska ta riga ta yayyaga ba a zuba mata tsami. Raɗaɗi za ki sha, in kuma kika shiga rana da shi ya bar miki baƙin tabo. Kada garin neman gira a rasa ido.

Hunturun da ba na mantawa shi ne na farkon 1973, lokacin da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo. An kai ni wurin kakata ta wajen uwa, wadda muke kira Inna, a wani ƙauye bayan Kontagora. Hazo ya sauka har mutum kan kalli rana da tsakar rana idonsa bai yi komai ba. Da asuba mukan tafi rafi ɗebo ruwa, ƙafa ba takalmi, mu taka ruwa mu fito iska ta busar, mu sake takawa. Ba a jima ba faso ya tsaga min diddige biyu, ina tafiya a kan yatsu, duk inda na taka sai ɗigon jini.

Inna ba ta ce komai ba sai bayan sallar isha'i. Ta sa na tsoma ƙafafuna a ƙwaryar ruwan ɗumi har kaushin ya yi laushi, ta ɗauko dutsenta na goge ƙafa, ta goge gefen tsagar a hankali, ba ta taɓa cikin ciwon ba. Sannan ta gutsuro man kaɗe a ɗan kasko, ta ɗora a bakin murhu ya narke, ta gwada zafinsa a bayan hannunta, ta riƙa ɗiga shi cikin tsagar da tsinke. Na yi ihu, ta ce in rufe mata baki, maƙwabta kada su zaci yanka ni ake. Ta naɗe da tsumma mai tsabta. Wani dattijo maƙwabcinmu shi nasa fason da allura da zare yake ɗinkewa, yana zaune a rana yana hira kamar takalmi yake gyarawa. Inna ta nuna min shi washegari ta ce, "Kin ga ƙarshen wanda ya raina mai." Faɗan da ta yi min ɗaya ne: ba a fafe gora ranar tafiya. Wato tun ana girbin dawa ya kamata a fara shafe ƙafa kowane dare, ba sai iska ta gama aikinta ba.

Man nan kuwa da hannunta ta yi shi. Da damina ake tsinto ƙwarar kaɗanya, a dafa, a shanya, a adana. In aikin gona ya lafa sai a fasa, a daka, a soya, a niƙa a dutse har ta zama baƙin ƙulli. Sai mata su zauna su yi ta cuɗa shi da ruwa, hannu har gwiwa, har farin kumfa ya taso. Shi ake kwashewa a tafasa, man ya hau sama, a tace a zuba a ƙoƙo ya daskare. Inna takan ce wanda ya sare kaɗanya ya yi wa jikokinsa sata, don itacen yakan kai shekara 15 zuwa 20 kafin ya fara 'ya'ya. Yau ga shi ana sare ta ana gawayi. A watan Agustan 2025 har gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyar ƙwarar zuwa waje na wata shida, wai a riƙa sarrafa ta a gida. Turawa suna saye su zuba a kwalba mai kyau, ku kuma ku saya da tsada kuna yanga.

Wanka dai muna yi, sai dai da hantsi, in rana ta ɗaga. Ruwa mai ɗumi, ba mai salɓe fata ba, sabulun salo kaɗan, kuma ba a dirzar jiki da soso kullum. Dokar Inna ita ce a shafa mai jiki da sauran lema. Sai da na shiga kwalejin horon malamai na ji dalilin a aji: iskar tana tasowa ne daga Sahara, ƙurarta mai yawa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, a bushe take ƙamas, tana zuƙe ruwan da ke fata. Mai ba ya ƙara ruwa, tsare wanda ke wurin yake yi. Ruwan zafi kuma yana wanke maiƙon da Allah ya halicci fata da shi. Kai kuwa man shanu muke sa masa in za a yi kitso, jarirai a shafe su da alayyadi, cikin hanci a ɗan laƙaba man kaɗe saboda haɓo.

Abin da ke damuna da ku 'yan yanzu shi ne mayukan nan na ƙara haske. Suna sa fata ta yi siriri, hunturu na zuwa ya same ta ba kariya. In akwai irinsu a akwatinki, kada in zo in gani. Kuma na ji ana kunna gawayi a ɗaki a rufe ƙofa da taga don jin ɗumi. Hayaƙin da ba a gani yana kashe mutum cikin barci, ki faɗa wa 'yan ɗakinku.

Zan ba direban da ke zuwa wajenku ranar Juma'a ƙullin man kaɗe na gaske, mai ƙaurin hayaƙi, wanda ke narkewa da kin murza a tafin hannu. Kada ki ce yana wari ki kyautar. Ki shafa a leɓe da diddige kafin ki kwanta, ki sa safa, ki yawaita shan ruwa ko ba kya jin ƙishi. Bayan mako biyu ki turo min hoto, na diddigen nake so, fuskar na gaji da ganinta a waya.