Ciwon ƙugu ga yarinyar da ba ta fara al'ada ba

Hajiya, kin ce 'yarki mai shekara 14 ta shafe wata biyar tana fama da ciwon ƙugu da ke tsananta duk wata, alhali ba ta taɓa ganin jinin al'ada ba.

Abin da ya fi damuna shi ne toshewar tantanin budurci, wato a haifi yarinya da tantanin a rufe ruf. Idan ta balaga, jinin yana zuwa kowane wata amma ba ya samun hanyar fita, sai ya taru a ciki, ya danne mafitsara da jijiyoyin baya. Ki duba ko mararta ta kumbura, ko tana daɗewa a banɗaki fitsari yana ƙin fita. Ƙulli mai ruwa a gidan ƙwan mace ma yakan kawo irin wannan ciwo, kuma hoton mara a asibiti ne zai bambance su.

Ki kai ta wurin likitan mata cikin makon nan, domin ƙaramar tiyata ce ke buɗe hanyar. Don Allah kada a kira wanzami ya yi mata yankan gishiri, saboda yana iya jawo yoyon fitsari.