Amsar da kwamfuta ta ba ka ba ita kaɗai ba ce

Ka ce da ni: "Malam, na lissafa farashin kamfanonin nan biyu masu gasa, kwamfuta ta ba ni amsa, na mayar na gwada ta zauna daram. Me ya sa ka ce da sauran aiki?"

To ɗana, ɗauko biro. Rubuta x² + y² = 5, a ƙarƙashinsa xy = 2. Mu ce x farashin kamfani na farko ne, y na biyu. Hanyar Newton da kake aiki da ita, wadda ke farawa da ƙiyasi tana gyara shi har ya kai ga amsa, in ka ɗora ta kusa da 1 da 2, nan za ta sauka ta yi shiru. Ba za ta taɓa faɗa maka 2 da 1 ma amsa ce ba.

Yanzu kawar da y. Sa 2/x a gurbinsa, za ka ga x⁴ − 5x² + 4 = 0. Ƙirga: 1, 2, −1, −2. Zubar da biyun da ke ƙasa da sifili, ba farashi ba ne. Saura biyu, kuma kowacce daidai ce. A ɗaya kamfani na farko ne mai araha, a ɗayar shi ne mai tsada. Ka ga in ka ƙiyasta halin kasuwa a kan guda, alhali kasuwar tana zaune a kan ɗayar, duk shawarar da ka bayar ta tashi a banza. Abin da ke hana ni sa hannu a aikinka ke nan.

Tun 1779 Bézout, masanin lissafi na Faransa, ya nuna iyakar yawan amsoshi: ninka matakan lissafan. Namu kowanne matakinsa biyu ne, saboda x² da xy. Biyu sau biyu, huɗu. Lissafi goma irin wannan na iya kaiwa amsa 1,024.

Kawar da y da ka yi da hannu, shi masanin lissafi Buchberger ya mayar tsari a digirinsa na 1965 a Innsbruck ta Ostiriya, daga baya ya sa masa sunan malaminsa Gröbner. Manhajar Singular tana yin sa, sai dai tana cin ƙwaƙwalwar kwamfuta sosai in lissafan sun yi yawa. A nan sai ka koma manhajar Bertini ko PHCpack: su fara da lissafi mai sauƙi da aka san duk amsoshinsa, su lanƙwasa shi sannu a hankali har ya zama naka, suna bin sawun kowace amsa.

Naka lissafi shida ne kacal. Fara da Singular, ka kawo mini duk abin da ya fito ranar Litinin, har waɗanda ka zubar, da dalilin zubar da kowacce.