Amsa ga mai kifin ado na Agege: dutsen cikin akwariyom ba kyauta bane

Wani ƙanenmu da ke sayar da tsuntsaye da kifin ado a Agege ta Legas ya turo min saƙon murya har guda huɗu daren jiya, bari in taƙaita. Yace wata Hajiya a Lekki ta ga akwatin kifi na gilashi a Instagram, irin wanda ake jera duwatsu a ciki kifaye masu ruwan ɗorawa da shuɗi suna ta shige da fice, waɗanda ake ce wa siklid, tace ya haɗa mata mai tsawon ƙafa huɗu a falonta, sun tsaya a kan naira 600,000 komai da komai. To tana so bangon baya ya zama irin mai kama da dutsen nan da ake kawowa daga waje, ya tambaya an ce masa 250,000 guda ɗaya, shi kuma duk jarinsa bai wuce 350,000 ba. Tambayarsa ita ce, ya cira daga jari ya saya, har ma ya lallaɓa ya ƙaro na biyu ya ajiye a shago ko wani zai nema? Sannan duwatsun nawa zai sa musu, tunda a cewarsa "Yaya ai dutse ne kawai, a hanya ma sai a tsinta."

Ƙanena wannan maganar taka ta ƙarshe ita ta hana ni barci wlh, ba ma bangon ba. Dutse ne kawai? Ai a wannan aikin dutsen shi ne aikin. Gilashi mai gilashi ne zai yanka maka, teburin ƙarfe mai walda ne zai haɗa, filta da fitila saye zakayi ka ɗora ɗan abin da ya samu, kifin ma sarowa zakayi. Abu ɗaya da ya fito daga kanka da hannunka, wanda Hajiya ba zata iya aiken direbanta ya sayo mata ba, shi ne yadda zaka jera duwatsun nan su yi kyau, kifin ya zauna lafiya, gilashin kuma bai fashe ba. Shi ne kuma kake shirin bayarwa gyara.

Bari in gaya maka dalilin da yasa ba tsintar dutse bane. Kifin da ta gani ɗin nan yawanci 'yan Tafkin Malawi ne, tafkin da ke tsakanin Malawi da Tanzaniya da Mozambik, kuma masu launin da mutane suka fi so ana ce musu mbuna, rayuwarsu kaf a tsakanin duwatsun bakin tafki suke yinta, suna kankarar gansakuka a jikin dutse suna ci. Dangin karfasa ne fa, wannan karfasar da muke soyawa ita ma siklid ce, don haka ka san halin, akwai faɗa akwai tono. Namiji yakan kama kogo ɗaya yace nan gidansa ne, duk wanda ya gifta sai ya bi shi da cizo, in ba ka yi musu koguna da yawa da lungunan da mai rauni zai ɓuya ya fita daga idon mai ƙarfi ba, to kullum da safe sai an tsamo gawa, kuma ba kifin za a zaga ba, kai za a kira a waya. Shi yasa kada ka gina katanga ɗaya doguwa daga wannan gefe zuwa wancan kamar mai shinge, ka yi tsibi biyu, babba a gefe ɗaya ƙarami a ɗayan, ka bar filin yashi a tsakiya, ya fi kyau a ido kuma ya raba musu unguwa.

Sai tonon, nan ne asarar take. Wani yaron ɗakina da na taɓa ƙara wa jari ya haɗa irin wannan a wajen karɓar baƙi na wani otal, ya zuba yashi tukuna sannan ya ɗora duwatsu a kai, yayi kyau har hoto ya turo min. Sati uku ba a yi ba kifin suka yi ta ɗibar yashin da baki suna tofarwa gefe har suka rarake ƙarƙashin babban dutsen, cikin dare ya zame ya daki gilashin gaba. Da na je da safe ruwa ya malale tayil har ƙarƙashin kujeru, mai shara tana ta matse tsumma a bokiti tana harararmu, ga wani ɗan kifi rawaya ya bushe a gindin tukunyar fulawa. Ribar aiki uku ta tafi a gyaran wannan ɗaya. Ka'idar ita ce dutse ya fara zama a ƙasa kafin yashi, ka shimfiɗa siririn farin soso ko ragar roba a kan gilashin ƙasa don kada tsinin dutse ya danna wuri ɗaya, manya masu faɗin gindi a ƙasa ƙanana a sama, kowanne ka ɗora ka girgiza shi da hannu, in ya motsa ka sake masa zama, kada kuma ka jingina komai da gilashin gefe ko na baya. Sai ka gama sannan ka zuba yashi ya zagaye su. Kuma ka fara gwada jerin a shagonka a kan kwali da ka zana girman akwatin, ka ɗauki hoto ka tura mata ta amince, ba sai ka je falon mutane kana ta juya dutse kana zufa ba.

Nauyi ma ka lissafa. Akwati mai tsawon santimita 120, faɗi 45, tsayi 45, yana cin lita 243, kowace lita kilo ɗaya ce, ka haɗa da gilashin kansa da duwatsu da yashi zaka wuce kilo 300, wato buhun siminti shida a kan tebur ɗaya. Saboda haka kar ka yarda tace a ɗora a kan ɗan teburin kwalliyarta na falo, kuma kar mai walda ya yi maka ƙarfen kujerar biki.

Wane dutse? Alhamdulillahi wannan ba sai an je waje ba, jihar Ogun na nan kusa da kai, Abeokuta garin dutse ne, baƙin dutsen da ake fasawa na gini yana da kyau ba ya canza ruwa, ka nemi manya masu ɗan laushin gefe ba tsakuwar kankare mai kaifi ba. Akwai kuma farin dutsen da ake siminti da shi, irin na yankin Ewekoro, shi yana ƙara wa ruwa gauri, kuma kifin Malawi haka suke so, ruwan tafkinsu a ma'aunin pH, wato ma'aunin tsamin ruwa da lambarsa ke hawa in tsami ya ragu, yana wajen 7.8 zuwa sama da 8, alhali ruwan bohol a unguwanni da yawa na Legas tsami-tsami yake yi ga ƙarfe. In kana so ka gane shi ka ɗiga masa binega, in ya yi kumfa to shi ne. Amma fa in siklid ɗinmu na gida zaka sa, irin kiribensis da ake samu a kudancin Najeriya, su ba sa buƙatar wannan gaurin, kar ka haɗa su da 'yan Malawi kace ai duk sunansu ɗaya. Dutsen da ka ga jan tsatsa ko ƙyalƙyalin ƙarfe a jikinsa ka barshi, wanda aka tsinta bakin kwata ko garejin makanikai ma ka barshi, baƙin mai ya riga ya shige shi. Wanki da burushi da ruwa zalla, banda omo banda sabulu, kuma don Allah kar ka dafa dutse a tukunya wai kana kashe ƙwayar cuta, yana iya fashewa.

To yanzu ɗauko biro. Zuwa wajen masu dutse ka zaɓa ɗaya-ɗaya yini ne guda, ga kuɗin mota, ga 'yan dako, ga 'yan agbero, wato 'yan tasha masu karɓar kuɗi, da ba za su ga kaya a mota su kau da kai ba, ga ɗauka daga Agege ka hau gadar Third Mainland ka shiga gosulon Lekki, in bene ne a hau da su, sannan yinin haɗawa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 wa ya ƙara ganin kuɗin mota mai sauƙi? Duk wannan ka rubuta shi layi-layi, kuɗin dutse daban, kuɗin kawowa daban, ladan tsarawa da jerawa daban, wannan na ukun kar ka ji kunyarsa, ni a ganina a aikin 600,000 in ladan hannunka bai kai kashi 15 cikin 100 ba to wahalar banza ka sha. Mai ɗinki ba ya cewa ai zare ne kawai.

Mu zo kan bangon. Amsa a gajarce, kar ka taɓa jarinka. 250,000 daga cikin 600,000 saura 350,000, a ciki zaka yi gilashi da tebur da filta da fitila da dutse da yashi da kifi da mota, ina ribar? Babu, ƙila ma ka cika daga aljihu. Kuskuren tun farko shi ne ka yanke farashi kafin ka san kuɗin abin da ta fi so. Ka koma mata cikin ladabi kace Hajiya na je na tambayo, ga farashin bangon waje, shi daban yake ba ya cikin wancan lissafin, in tana so ta biya kuɗinsa gaba ɗaya kafin ka yi oda, kuma ka gaya mata farashin na sati ɗaya ne saboda kaya ne da ke bin dala. Maganar ƙaro na biyu ka ajiye kuwa ka manta da ita kwata-kwata, ana yinsa ne daidai girman akwati, wanda zai zo gobe ƙila mai ƙafa uku yake so ko biyar, ka ga kuɗinka ya kwanta a saman shelf yana shan ƙura kai kuma ba ka da na saro abincin tsuntsu.

Gsky ma ni da zaka ji tawa, ka nuna mata hanya mai sauƙi, a shafa wa gilashin baya baƙin fenti ko shuɗi mai duhu ta WAJE, ko a manna sitika irin ta masu allon talla, kafin a jingina akwatin da bango don in an cika ruwa ba mai iya matsar da shi. Baƙin baya yana ɓoye waya da tiyo, kuma kifi rawaya a gaban baƙi wani irin haske yake yi, in duwatsunka sun jeru da kyau ba wanda zai tambayi bango. Shi mai kama da dutsen yana cin wuri a ciki, a akwatin da faɗinsa 45 ne kacal kowane santimita na da amfani, sannan in an bar 'yar kafa ƙananan kifi sai su shige baya su maƙale, datti ya taru inda hannunka ba ya kai.

Akwai na ukun, ka koyi yinsa da kanka. Farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin firji da talabijin ake sassaƙawa da wuƙa ya yi siffar dutse, a shafe shi da siminti shafi biyu ko uku, a manna da gam ɗin silikon. Kayan ba tsada, kuma in hannunka ya faɗa nan riba take, amma ba a akwatin Hajiya zaka koya ba. Sabon siminti yana ɗaga pH sosai, sai an jiƙa ana zubar da ruwan ana sakewa na makonni ana aunawa kafin kifi ya shiga, soson kuma yana son tasowa sama da ƙarfin gaske, in mannin bai kama ba wata rana sai ya ɓalle. Silikon ɗin ma ka duba, wanda aka yi don banɗaki mai maganin fumfuna yana kashe kifi, na akwatin kifi zaka nema. Ka gwada a ƙaramin akwati a shagonka wata biyu, in ya zauna lafiya shi zai zame maka talla.

Kafin ka yanka gilashi ka karɓi kafin alƙalami da zai biya duk kayan, kamar kashi 70, sauran ranar haɗawa, kuma ku rubuta a WhatsApp me ke ciki me ba ya ciki. Ka sa mata a rubuce cewa ba ranar da aka zuba ruwa ake cika kifi ba, filta na buƙatar wajen sati huɗu zuwa shida kafin ta iya ɗaukar kashinsu, na san zata ce tana da baƙi ranar Asabar, ka daure. Ka rubuta yoyon gilashi naka ne, amma kifin da ya mutu saboda an ɗauke wuta an kashe inbata, ko yara sun juye gwangwanin abinci, wannan ba naka bane. Sannan ka yanka mata kuɗin wata na zuwa canza ruwa da goge gilashi, wannan ɗan kuɗin da ke shigowa duk wata gida biyar ka samu ya fi maka bangon waje goma, kuma kar ka manne duwatsun duka da silikon, ranar da zaka kamo kifi ɗaya mara lafiya a cikinsu sai ka ɗaga rabi, ka lissafa wannan lokacin a kuɗin watan. Ka kuma ja kunnen mai aikinta kar ta ga kore a jikin dutse ta ɗauko soson wanke-wanke, abincinsu ne.

Gobe in Allah ya kaimu ka je gidan da gorar roba ka ɗebo ruwan famfonsu ka auna pH ɗinsa, ka duba inda take so a ajiye akwatin ko rana na dukan wurin da kuma inda soket yake, sai ka turo min lambar da ka samu da hoton wurin mu san wane dutse zaka saro.