Ka killace gwajinka kafin ka taɓa layin mutane

Yarona, na ga saƙonka bayan isha'i. Ka ce kwamfutarka mai RAM giga 8 ce, kana tambaya tsakanin Packet Tracer da GNS3 da EVE-NG wace manhaja za ka ɗora don koyon haɗa na'urori, tunda kuɗin rauta, wato na'urar da ke haɗa layukan sadarwa da juna, ya fi ƙarfin aljihunka.

Fara da Packet Tracer na Cisco har hannunka ya faɗa. Amma ka sani kwaikwayo kawai yake yi. Akwai umarnin da za ka buga ya ce bai san shi ba, alhali a rauta ta gaske yana aiki lafiya lau. Daga nan ka koma GNS3. A cikinsa akwai Dynamips, wanda Christophe Fillot ya fara a 2005, Dynamips kuwa ainihin IOS, wato manhajar da ke cikin rautocin Cisco irin 7200 da 3725, yake tayarwa, don haka abin da ka gani a allonka shi za ka tarar gaban kwastoma. EVE-NG bar shi sai ka ƙara RAM.

Ka shiga BIOS, wato saitin farko na kwamfuta kafin Windows ya tashi, ka kunna VT-x tukuna, shi ne ke taimaka mata tayar da wata kwamfuta a cikinta. Da ka tayar da rauta ta farko za ka ji fanka ta hau ihu, kwamfuta ta ɗau zafi, ga kuma zafin Jidda. Ba lalacewa ta yi ba, Idle-PC ne ba ka saita ba, wato saitin da ke hana Dynamips cinye ƙarfin kwamfuta lokacin da rauta ba ta aikin komai. Saita shi, nan take za ta lafa. Kuma kar ka tayar da Windows sukutum don gwada ping kawai, wato duba ko saƙo na isa wata na'ura; VPCS, 'yar kwamfutar kwaikwayo da ke cikin GNS3, ya ishe ka.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Wata shekara gab da aikin Hajji ina aiki a wani otal a Makka, na tayar da sabar DHCP ta gwaji, wato mai raba wa na'urori adireshi, a VirtualBox, manhajar tayar da kwamfuta cikin kwamfuta, na manta katin sadarwarta yana kan Bridged, wato haɗe yake kai tsaye da layin otal ɗin. Sai sabata ta shiga raba wa wayoyin baƙi adireshin da ba ya kai su ko'ina. Na sauko ƙasa na tarar da wata tsohuwa riƙe da waya tana ta latsawa, tana so ta shaida wa 'ya'yanta ta sauka lafiya, kira ya ƙi shiga. Wallahi har yau in na tuna fuskarta sai na ji ba daɗi. Saboda haka duk gwajinka ya zauna kan Host-only, wato killace a cikin kwamfutarka kaɗai, inda za ka ga adireshi ya fara da 192.168.56, ka duba sau biyu kafin ka jona layin kowa.

Asabar bayan la'asar ka zo shago da kwamfutar. Kafin nan ka haɗa rauta uku da OSPF, wato tsarin da rautoci ke sanar da juna hanyoyi, ka buɗe Wireshark, manhajar leƙa saƙonnin da ke bin layi, ka ga gaisuwar da suke aika wa juna duk daƙiƙa 10, sannan ka kashe ɗaya ka ƙirga daƙiƙa nawa sauran suka jira kafin su haƙura da ita. Ka zo min da amsar a rubuce.